Neman furen taubashina a duwatsun Adar

Da duku-duku muka bar Konni, ni da taubashina, ko koko ban samu na sha ba. Shi ya zo ya tashe ni, jaka a kafaɗa, ƙaramin bokiti a hannu, da wata kwalba cike da alkol, ruwan nan na kantin magani mai hana abu ruɓewa, da yake riritawa kamar jinjiri. Ku da kuka san ni kun san ban taɓa hawa abin da ya fi matakalar gidan waya tsawo ba, inda nake aiki. To, yau ga ni za ni hawan dutse neman ciyawa.

Bari in faɗa muku dalili. Taubashin nan nawa malamin lakwal ne, ilimin tsirrai yake koyarwa a kwaleji. Cutarsa guda ce, tsirran nan masu kauri da ke tara ruwa a jikinsu, irin su aguwa da kariya da karan masallaci. Tun yana sabon malami a Tajaye ya ce ya ga wani karan masallaci a bisa dutse wanda furensa ba irin ɗan ƙaramin baƙin nan da aka sani ba ne. Ya ce babba ne, rawaya, mai gashi, kuma daga gindi yake fitowa. A lokacin ba shi da na'urar ɗaukar hoto. Ya kai labarin jami'a a Yamai, wani farfesa ya saurare shi, ya ce in haka ne to tsiro ne da babu shi a littafi, amma masana ba sa yi wa tsiro sabon suna sai fure ya zo hannunsu. Tun daga nan duk ƙarshen damina sai ya koma, ko ya iske furen ya zube, ko bai fito ba, ko awaki sun riga shi. Abokan aikinsa suka maida shi mai ƙarin gishiri. Ni kuwa da taubasantaka ta ba ni izinin tsokana, nakan tambaye shi ko bayan ya ƙoshi da fura ne ya gan shi a mafarki. Bana aka canza masa wurin aiki zuwa Gigimi, can wajen tabkin Cadi, da an buɗe lakwal zai tafi. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, ya ce kuma yana son shaida, shaidar ma wanda ya fi kowa yi masa dariya.

A tasha muka samu wata tsohuwar ƙaramar bas mai zuwa Tawa. Direba ya ce jika guda da rabi kowa, wato sefa dubu ɗaya da ɗari biyar, ko a hanya za ka sauka. Na yi ciniki har bakina ya bushe, bai rage ko dala ba, ga man Najeriya jere a kwalabe bakin hanya yana sha da araha. A Tsarnawa, inda hanya ta rabu, na huce haushina a kan waina mai zafi da yaji, jandarmomi suna duba takardun mota ni ina duba tanda. Daga nan muka miƙa arewa. Damina ta yi kyau bana, gero ya fitar da kai har ya rusuna, wake ya rufe ƙasa, mata suna gasa tumu a bakin gonaki. Kwaltar dai ta sha ruwa, duk ramin da muka faɗa sai kaina ya gaisa da rufin mota.

Muka sauka a mahaɗar Tajaye, 'yan kabu-kabu suka kai mu gindin dutsen. Duwatsun Adar ba masu tsini ba ne, samansu shimfiɗe yake, jikinsu jar marmara da baƙin tsakuwa mai zamewa. Daga ƙasa sai ka raina su. Ban kai rabi ba na fara tuna zunubaina. Taubashi kuwa, mutumin da ko kujera ba ya ɗagawa a gidansa, ya haye yana waige yana ce mini in bar tumbin a ƙasa, babu mai sata.

A can sama na ga yadda ake wannan aiki, kuma ban ga abin sha'awa a cikinsa ba. Karan masallaci ba shi da ganye, 'yan sanduna ne kore masu kusurwa, tsawon yatsa ko fiye, kuma ba ya zama a fili, ƙarƙashin geza da sabara yake ɓuya saboda inuwa. Dole ka durƙusa ka ɗaga reshe ka leƙa, in babu ka rarrafa gaba. Haka muka wuni, manya biyu masu iyali. Wani Bafulatani da ke kiwo ya daɗe tsaye da sanda a wuya yana kallonmu, daga baya ya matso cikin ladabi ya tambaya ko kuɗi ne suka faɗi. Da aka gaya masa fure muke nema sai ya yi mana addu'ar samun sauƙi ya kora shanunsa. Matarsa ce ta cece ni da fura da nono mai sanyi, na sha har na ji duniya ta dawo daidai.

Karan masallaci irin na kullum mun gan shi da yawa. Sai bayan la'asar, a bakin wani kwazazzabo, na ji taubashi ya yi shiru, shirun da ya sa na ɗauka maciji ne. Na iske shi kwance rub da ciki. Ga tsiron, sandunansa sun fi na sauran kauri, da ɗigo-ɗigo a jiki, a gindinsa kuma ga ƙulli biyu na fure da ba su buɗe ba, ɗaya babba ɗaya bai kai shi ba. Ga kashin awaki ko'ina, barinsa a nan kasada ce. Ya haƙa rabin tsiron mai ƙullin biyu da ƙasarsa ya sa a bokiti, ya bar rabin a wurinsa. Muna saukowa ya gargaɗe ni da abu biyu. Tsiron da aka tumɓuke yakan zubar da ƙullinsa kafin ya buɗe. In kuwa ya buɗe, ba ƙamshi za a ji ba, irin waɗannan warin mushe suke yi don su jawo ƙudaje, su ne ke yi musu aikin da zuma ke yi wa sauran furanni. Na ce ashe shekara da shekaru abin da yake bege ke nan.

A Badaguishiri muka sauka, gidan wani abokin karatunsa da ke aikin jinya a likitar garin. Gidan kuwa na mahaifiyarsa ne, Inna, tsohuwa mai tsabta da ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanta. Ta sa an share mana ɗakin baƙi, an shimfiɗa sabuwar tabarma da zanen gado na cikin akwati. Aka kawo tuwon gero da miyar ɗanyar kuɓewa da zabo guda sukutum. Taubashi ya tura bokitinsa ƙarƙashin gado, nesa da awaki da yara, bai ce wa kowa komai ba. Kunya yake ji ya gaya wa tsohuwa cewa ƙaton malami kamarsa ciyawa ya zo ɗauka tun daga Konni.

Da safe ƙullin bai buɗe ba, ga shi ranar kasuwa ce. Na ce ba zan zo Badaguishiri in zauna gadin bokiti ba, na ja shi muka fita. Kasuwar ta cika maƙil. Shanu da raƙuma a gefe guda, Buzaye da gishiri da cuku, 'yan Najeriya da atamfa da rediyoyi suna karɓar sefa suna lissafi da naira. Masu lambun kwari sun kawo tattasai da yalo, rogo kuwa kamar a ba ka kyauta. Na sayi cuku da kilishi na tsaraba, na ci rabin kilishin don in tabbatar da ingancinsa. Taubashi jikinsa na kasuwa, hankalinsa na ƙarƙashin gado.

Bayan azahar muka koma, muka iske gidan ya hargitse. Gadonmu a tsakar gida, katifa da zanen gado a rana, hayaƙin turaren wuta na fitowa daga ɗakin baƙi. Inna ta taryo mu tana ba da haƙuri tun daga nesa, kunya ta rufe ta.

"Ku gahurta, ɗiyana. Wallahi ɗakin ga bai taɓa yin wari haka ba. Mun ɗauka kusu na yam mutu, munka hidda kaya duka. Ashe iccen ga naku na, wuri guda yar ruɓe, ƙudaje sun rufe shi. Na cire muku ruɓaɓɓen na sa wuta, sauran na wanke shi tas."

Ga bokitin a inuwa, tsiron yana ɗigar ruwa, fes da shi. Babban ƙullin ya buɗe muna kasuwa, ya kuma ƙare a murhu. Na dubi taubashi. Sai ya durƙusa ya yi mata godiya, ya sa mata albarkar ɗawainiya. Can ya tambaye ta a hankali:

"Inna, da kinka cire shi, wane launi gare shi?"

"Wa ka tsayawa kallon mushe, ɗana? Hanci nit toshe, nik kau da kai."

Yau dai ban yi masa dariya ba. Gaskiya tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun muna yara. Mai masaukinmu da ya ji bayani ya so ya gaya wa uwarsa, taubashi ya hana shi. Ya ce don ta girmama mu ta yi, ba za a saka mata da ɓacin rai ba. Ƙaramin ƙullin yana nan, amma ya sha wanka ya yi laushi, ya ce da wuya ya kai labari. Tuwon yamma bai iya ci ba. Ni na cinye nasa don kada Inna ta ga an raina girkinta.

Washegari dole muka kama hanya, shirin Gigimi na jiransa. Inna ta haɗa mu da kuka da busasshiyar kuɓewa, tana ta sake ba da haƙurin ɗaki. Motar da muka samu ta fi ta zuwa cika. Akwai wani soja mai tafiya hutu, da wani dattijon malami da carbinsa, da wata mata da kaji a kwando, sai fatake da buhunansu. Taubashi ya ɗora bokitin a cinya ya rufe da ƙyalle.

Mun wuce Gidan Idar, rana ta fara dukan mota, sai wani abu ya ratso. Da fari kowa ya yi kamar bai ji ba, irin kawaicin matafiya. Sojan ya buɗe taga. Dattijo ya ja rawani ya rufe hanci yana istigfari. Idanu suka koma kan mai kaji, ta rantse kajinta duk da ransu, ta ɗaga kwando kowa ya gani. Sai aka fara satar kallona, ni da na fi kowa jiki. Direba ya taka birki ya ce ba ya ƙara gaba sai an fitar da abin da ya mutu a motarsa.

A nan ne taubashi ya ɗaga ƙyallen. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ƙaramin ƙullin ya buɗe, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, kunne biyar, rawaya shar da ɗigon ja a tsakiya, bakinsa duk gashi mai laushi da ke motsi da iska. Wari kuwa ba a magana. Direba ya ce ko bokiti ya sauka ko mu sauka da shi. Ban taɓa ganin wanda aka kora daga mota yana godiya ba sai ranar.

A bakin kwalta, ƙarƙashin wata aduwa, ya yi aikinsa. Ya ɗauki hoto ta kowane gefe, ya auna, ya zana, ƙudaje sun riga sun hallara. Da ya zo yanke furen ya sa a alkol, ni na riƙe masa kwalbar. Kafin ya yanka ya ɗago ya dube ni.

"Taubashi, mi kag gani?"

Na ce rawaya ne, da gashi, daga gindi ya fito.

"Sake hwaɗi."

Na sake faɗa. Ya juya mini baya ya daɗe yana gyaran hula.

Wata motar albasa ce ta taimaka ta kwaso mu, a bisa buhuna, inda warinmu bai dami kowa ba. Muka shigo Konni ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura, wandona ya yage a gwiwa, tsarabar kilishi ta ƙare a hanya.

Kwalbar da hotunan sun tafi Yamai. Ko tsiron sabo ne, ko an taɓa rubuta shi a wata ƙasa, wannan masana za su faɗa, an ce kuma aikinsu ba ya sauri. Ni dai tafiyar ta koya mini cewa in ka sauka gidan mutane da kaya mai wuyar sha'ani, ka buɗe baki ka faɗa, don mai gida ba zai bar ɗakin baƙonsa da wari ba ko na mene ne. Ta kuma nuna mini cewa ba sunan da za a rubuta a littafi ne ya fi damun taubashina ba. Jiya da yamma na raka shi majalisar shan shayin malamai don ya yi sallama da su. Ɗaya daga cikinsu ya fara wasan da suka saba, ya tambaye shi ko zai tafi wa mutanen Gigimi da labarin furen mafarki. Kafin a yi dariya na ajiye kofina na ce, "Ni na gan shi, da idona." Taubashi ya miƙa kofinsa aka ƙara masa shayi.