Haƙorin Makkan Hajiya Dela

A shekarun da motocin gyaɗa ke tashi daga Gwarzo su nufi Kano suna nishi da buhuna, akwai wani malamin asibiti ana ce masa Datti. Ɗan garin Kutama ne, gidansu gidan shanu. Tun yana ƙarami babansa ya koya masa buɗe bakin saniya ya faɗi shekarunta. Da ya gama elemantare aka tura shi Kano koyon aikin magani, ya dawo, amma halin nan na leƙen baki bai sake shi ba.

In ka zo da ciwon haƙori ka nuna da yatsa, sai ya ce ya gani. Daga nan ya zaunar da kai bakin taga, ya bi haƙoranka da ɗan madubi, yana ƙwanƙwasa kowanne, yana latsa dasashi, yana tambayar me ka ci, yaya ka kwana. Sannan ya ɗauko kati ya zana bakinka, ya sa alama duk inda ya ga rami. Mutane kan yi masa tsiya wai kafin ya gama, ciwon ya gaji ya tafi. Shi kuwa cewa yake bakin mutum gari ne guda, ga gidajen da suka zube, ga masu sauran ƙarfi, kuma ba a rushe gida don maƙwabci ya yi kuka.

Wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, wani manomi Ya'u ya kawo mahaifiyarsa Hajiya Dela daga Kabo a kan jaki, kuncinta a kumbure. Haƙorin Makka gare ta a gaba. Mijinta ne ya sa aka saka mata shekarar da suka je hajji ta Sudan, shi kuma a hanyar dawowa Allah ya karɓi abinsa. Ya'u ya ce duk gida an yarda gwal ɗin ne ke mata ciwo, a cire kawai. Ita ma nan take jin zafin, shi ya sa ta daɗe tana ɓoyewa, gudun kada a cire shi.

Ta ƙi buɗe baki. Ta cikin mayafi ta ce, “Ɗan Fulani, ni ba saniyar babanka ba ce.”

“Inna, saniyar babana ma sai na lallashe ta. Dubawa kawai zan yi. Ya'u, riƙe awartakin nan, tsaya can bakin ƙofa.”

Sai ta buɗe. Hasken hantsi ya sauka kan gwal ɗin, Datti ya tsura masa ido, kamar yana hango rairayin wata doguwar hanya da mutum biyu suna tafe a kai. Ya ƙwanƙwasa haƙorin, ba ta motsa ba. Ya bi na kusa da shi, ya yi ta shiga ciki a hankali, har can ƙurya ya taɓa wani matauni. Hajiya ta zabura ta damƙe masa hannu. Ashe tsagewa ya yi, zafinsa ne ke bin muƙamuƙi yana fitowa gaba. Da ya tambaye ta, ta amsa wai ta ɗan taɓa ƙuli-ƙuli.

Ya ba ta magani kumburin ya saɓe, da kasuwa ta zagayo ya cire mataunin. Yana rubutu a katinta ta tambaye shi me ya rubuta a kan na gaban. Ya karanta mata: gwal, na Makka, lafiya lau, kada a taɓa.

Ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

Ta taga ya hango su suna tafiya, jakin na takawa sannu, Hajiya ta sauke mayafi daga baki tana gaida masu tsinkar gyaɗa da ko saninsu ba ta yi ba.