Mai Ba da Haƙuri a Ofishin Ruwa

Da faɗa na fara saninsa. Famfon gidana ya ƙafe, na faɗa ofishin ruwa na bugi teburinsa, na zazzage masa abin da ke bakina har na haɗa da kakannin kamfanin. Ya saurare ni tsaf, ya ba ni haƙuri, ya turo mai gyara. Ashe ni da hannuna na murɗe kan bututun ranar da na wanke tanki, na manta. Da na koma ina sosa ƙeya, shi ya sake ba ni haƙuri.

Sai-Haƙuri ake kiransa, kuma aikinsa ke nan. Tebur gare shi a bakin ƙofa, da fanka mai kuka, da bencin da masu ƙorafi ke jeruwa. Ya ce mini da aka ɗauke shi aiki, wata mata aka kawo ta koya musu kalmomin Turanci na ban haƙuri. Akwai wadda in ka furta ka ɗauki laifi, an haramta musu ita. Akwai ta kare kai, wannan ta lauyoyin saman bene ce. Tasu ta tsakiya ce: ka nuna ba ka ji daɗi ba, ba tare da ka amsa komai ba. Ya juye ta zuwa Hausa, ya yi ta zuba wa jama'a har furfura ta cim masa. Nakan tsokane shi cewa ko ɓarawo ya kama a ɗakinsa, haƙurin duhu zai ba shi.

Bara 'yarsa tilo ta kira shi da hantsi, ta ce Mama ta faɗi a kicin. Benci cike yake, oga ya ce ya sallami mutane tukuna. Kafin ya isa asibiti an ja wa matar tasa zane.

Yarinyar ta tattara ta koma gidan gwaggonta. Ya bi ta, ya zauna a ƙasa gabanta, ya buɗe baki. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Baba, wannan muryar ofis ce."

Ya ce mini ya laluba ko'ina a cikinsa, bai sami wata ba. Yanzu ta sami aiki a nesa, ta aiko cewa kada ya wahalar da kansa zuwa tasha don raka ta.

Na same shi yana goge tebur, fankar na ta kukanta. Na ce ya bar ban haƙurin nan, ya hau bene ya aro ta lauyoyi, ya je ya kare kansa. Ya faɗa mata oga ne ya hana shi.

Bai ko ɗago ba.

"Kai komai a wurinka baki ne, Malam. In na ce oga ne, za ta tambaye ni ko ƙofar a kulle take. Ga ta nan bayanka. Ta taɓa rufuwa?"