Motar da Ba a Sa Kiɗa a Cikinta

A layin masu gyaran mota babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Likita ake ce masa, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don bai taɓa zama mutum mai gudun yabo ba. Sauran makanikai sai sun kwance rabin inji sun baje a ƙasa kafin su gano inda ciwo yake. Shi kuwa sai ya ce wa mai mota, "Tayar min da ita," ya harɗe hannuwa a baya, ya karkatar da kai, ya rufe ido. Kafin ka ƙirga ashirin ya faɗa maka abin da ke damunta, ya ƙara maka da wanda zai dame ta wata mai zuwa idan ba ka daina tuƙin ganganci ba. Shekara talatin da huɗu yana haka, kuma sau biyu kacal aka kama shi da kuskure. Na biyun ma har yau bai yarda ba.

Gajere ne kakkaura, gashin bakinsa ya yi furfura, kuma ko biki za shi akwai dogon sukundireba a aljihunsa. Idan ya je gidan mutane ya ji ƙofa tana kuka, sai ya nemi a ba shi mai ya ɗiga mata tun kafin a gama gaisawa. Matarsa, wadda kowa a gidan har shi kansa yake kira Mama, ta sha jin kunya a kan wannan har ta gaji ta daina ji.

Duk hutun ƙarshen shekara, lokacin da sanyi ya kankama, Likita yakan rufe gareji kwana goma ya kwashi iyali zuwa wurin Yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tana zaune ne a wani gari can bayan duwatsu, tafiyar awa bakwai. Motar tsohuwa ce, amma ta fi sababbi da yawa lafiya. Doka ɗaya ce a cikinta, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara: ba kiɗa, ba rediyo, hira ma sai ƙasa-ƙasa.

"Ku kuna zaune ne, ni aiki nake yi," in ji shi. "Mota tana magana. Wanda ya toshe mata baki shi zai kwana a hanya."

Awa bakwai ba waƙa! Manyan 'ya'yansa maza biyu suna yin ƙarfi suka fara ƙirƙiro uzuri, yau aiki ya riƙe wannan, gobe wancan zai biyo bas daga baya. Auta ce kaɗai ta jure. Malamar firamare ce, ita ke koya wa yara waƙa, kuma ko kofi ba ta iya wankewa ba tare da ta rera wani abu ba. Kowace shekara sai ta sako 'yar ƙaramar sifikarta a jaka, kowace shekara sai ta roƙa, shi kuma sai ya ce, "Idan kin sayi taki motar ki kira makaɗa su hau bisa rufi."

To, ga abin da Likita yake ɓoyewa. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan kunnensa ya fara cin amanarsa. Manyan ƙararraki yana jinsu sarai, amma siraran nan, 'yan fito da 'yan tsiyaya waɗanda da su yake cin abinci, sun yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya. A gareji ya koyi ɗora tafin hannu a kan inji, ya koyi yi wa mai mota tambayoyi kamar yana gwada shi ne. Har yanzu yana cin daidai, don shekara talatin da huɗu ba wasa ba ce. Amma tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba. Idan ka cire wa Likita kunne, me ya rage? Wani gajeren tsoho mai yawan faɗa.

Ranar tafiya suka tashi da sanyin da ke sa haƙori kaɗawa. An yi rigimar da aka saba yi: shi ya cika but ɗin bayan mota da kayan gyara da galan ɗin ruwa, Mama kuma tana tsaye da akwati biyu da bargo uku tana tambaya ko a kanta za ta ɗora su. Aka danna, aka tura, aka zauna a kan murfi ya rufu. Gilashi ya yi gumi, Auta tana gogewa da bakin mayafi. Likita ya tayar da inji, ya karkatar da kai yadda ya saba, bai ji komai ba sai gurnani. Awa bakwai ce a gabansa, da hawan dutse, kuma mutum biyu sun miƙa masa rayukansu saboda sun san shi ba abin da ke wuce kunnensa.

Nan take wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da tsoro kaɗai ke koya wa mai hankali. Idan akwai kiɗa a motar, aka samu matsala bai ji ba, ai laifin kiɗa ne.

"Auta," ya ce, yana gyara madubi, "ina 'yar akwatin waƙar nan taki? Sa mana."

Mama ta juyo daga kujerar gaba ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Lafiya kuwa, Baban yara?"

"Lafiya ƙalau. Mutum ba zai canza ba ne? Motar nan na bi ta ƙusa-ƙusa jiya, ko tari ba za ta yi ba."

Auta ba ta tsaya jiran ya sake tunani ba. Kafin su fita daga unguwa ta haɗa waya da sifika, ta zaɓo tsofaffin waƙoƙin zamanin samartakar iyayenta. Ashe Mama duk ta haddace su! Ta yi ta bi, tana kaɗa kai, tana buga cinya, har da nuna shi da yatsa a wuraren da ake zagin masoyi mai taurin kai. Likita bugun ganga kawai yake ji sosai, sauran kamar daga ɗakin maƙwabta, amma abin ya yi masa daɗi fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Shekara talatin yana zaune gefen matar nan a mota bai san tana da murya haka ba. Ya ji kunya, ya kuma ji haushin kansa, sai ya huce a kan wani mai babbar mota da ya ƙi ba shi hanya.

Suka tsaya suka sha shayi daga fulas, tururi yana fita daga bakunansu, Mama tana mitar cewa hitar motar ƙafarta ta hagu kawai take gasawa. Wajen azahar suka fara hawan dutse. Suna cikin kwana ta uku ko ta huɗu Auta ta rage sautin waƙar. Jim kaɗan ta kashe gaba ɗaya, da hannunta, ba wanda ya ce mata.

"Baba, ba ka ji ba?"

"Na ji mana," ya ce da sauri. "So nake in ga ko ke za ki ji."

"To mene ne?" in ji Mama, idonta a kan hanya.

Ya samu fili a gefen titi ya tsaya, ya bar inji yana aiki, ya fito ya ɗaga bonet. Iska mai sanyi ta mare shi. Ya harɗe hannuwa a baya, ya karkatar da kai, ya rufe ido, duk yadda ya saba. Gurnani kawai. Zai iya ƙirƙiro wani abu, ya ɗaure wata ƙusa da ba ta kwance ba, ya ce ya gama. Ba wanda zai musa masa. Amma saura hawa mai tsawo, kuma duk taurin kansa bai taɓa yi wa inji ƙarya ba. Ya buɗe ido ya ga Auta tsaye kusa da shi, ta cusa hannuwa a hammata.

"Matso nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Abin da kike ji, yi min shi da bakinki. A nan, cikin kunnena."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Ba ta tambayi dalili ba, kuma har abada zai gode mata da wannan. Ta sunkuyo ta ja wani siririn sauti mai tsawo, sannan ta ɗan karce shi a maƙogwaro, ta sake ja.

"Karcewar nan, kullum take zuwa ko jefi-jefi?"

"Jefi-jefi."

Ya miƙa hannu ya ja wayar totur, injin ya ɗaga murya. "Yanzu fa?"

Ta ɗaga nata sautin daidai yadda na injin ya ɗaga, karcewar ta yi sauri. Yarinyar da ya yi shekara da shekaru yana cewa tana ɓata kunnenta a kan kiɗa! Tun tana cikin zanin goyo take zaune a bayan motar nan cikin shiru, ashe duk muryoyin injin sun zauna mata a kai ba ta ma sani ba.

"Famfon ruwa ne," in ji Likita, kuma muryarsa ta dawo irin ta gareji. "Boris ɗinsa ya fara ci."

Ya zaro sukundireba ya ɗora tsininsa a jikin famfon, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa. Sai ga shi, tas, ta cikin ƙashi: 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin boris ɗin suna tauna juna. Ya yi murmushi, don ciwon yana nan daidai inda ya ce. Ya kashe inji, ya ɗan sassauta fanbel don ya rage wa famfon ja, ya duba ruwa. Da sun ci gaba a haka da waƙarsu, a tsakiyar hawa injin zai tafasa, inda ko wurin tsayawa babu.

"Akwai gari gaba kaɗan. A hankali za mu je. Mama, koma baya. Auta, shigo gaba, idan sautin ya canza ki yi min shi."

Mama ta kwashi bargonta ta koma baya ba ko uffan, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin motar. Haka suka lallaɓa, manyan motoci suna danna musu hon suna wucewa, Auta tana jan siririn sautinta lokaci-lokaci, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa, "Za ta kai." Ta kuwa kai. A garin suka samu sabon famfo a shago na biyu. Likita ya ari fili a garejin wani makanike, ya naɗe hannun riga cikin sanyin nan, ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa ko sifana. Mai garejin ya tsaya yana kallo, can ya ce bai taɓa ganin an cire famfo ba tare da an zagi uwar kowa ba.

Da aka gama Auta ta tafi nemo ruwan ɗumi ya wanke hannu. Ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ya yi magana ba tare da ya juya baya ba.

"Mama, kunnena ya fara tafiya."

"Na sani."

Ya juyo. "Tun yaushe?"

"Tun bara. Butar shayi tana fito a gabanka kamar za ta fashe, kai kana karanta jarida. Kana ganin haka kawai na koma ɗaga murya a gida? Maƙwabta har sun fara tambaya ko faɗa muke yi."

Shi kuwa duk shekarar nan ya ɗauka tsufa ne ya sa ta zama mafaɗaciya. "To me ya hana ki faɗa min?"

"Kai ake faɗa wa magana? Jira nake ka gama jan ajinka."

Ya murza baƙin mai a yatsunsa. "Idan mun koma ki raka ni asibiti a duba. Amma don Allah kada 'yan layinmu su ji. Idan suka ji, na gama."

Mama ta gyara bargo a kafaɗa ta yi wata 'yar dariya. "Baban yara, mai walda na kusa da kai ne ya fara zuwa gida ya same ni, ya ce in lallaɓa ka ka je a duba ka. Duk sun sani. Wata takwas ke nan da suka haɗa baki, duk sanda ka rufe ido a gaban inji sai kowa ya ajiye guduma, mai walda ya kashe injinsa, har ka buɗe. Kuma ko mota ɗaya ba su daina turo maka ba."

Likita ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya goge ido, ya ce sanyin garin nan ba shi da mutunci. Auta ta dawo da ruwa, ya wanke hannu, kowa ya shiga. Ya murza makulli, injin ya tashi.

"Auta, me take cewa?"

Ta karkatar da kai ta saurara sosai. "Lafiyarta ƙalau, Baba."

"Na sani," in ji shi, yana sa giya. "Ai ni na gyara ta."