Sanarwar da Ta Fito da Rabin Magana

Har in mutu ba na jin zan manta da wata Talata ta farkon damina, lokacin ina aiki da wata ƙungiyar manoma a Zinder. Ni ce mai kula da ordinatar, wato kwamfuta, da shafinmu na intanet, wanda wakilan ƙauyuka ke buɗewa a wayoyinsu su karanta wa mutane sanarwa.

Ran Litinin shugabar ƙungiyar ta ba ni saƙo in ɗora a saman shafin. A cikin saitin saba, wato na'urar da ke riƙe da shafin, ake rubuta shi. Na rubuta shi layi biyu. Na sama: "Rabon irin gero ran Laraba a Zinder", na ƙasa: "an ɗage shi zuwa Asabar." Na adana na tashi, ban ko leƙa shafin ba.

Da hantsin Talata shugabar ta shigo biro, wato ofishinmu, da waya a hannu.

"Ƙanwata, wakilin Dakusa ya ce gobe za su taso. Me kika rubuta?"

Na buɗe shafin. Layin farko kaɗai ya fito. Ashe na'urar inda layi ya ƙare nan take ɗauka magana ta ƙare.

Na kira tsohon malaminmu na ordinatar. Ya ce in sa alamar nan mai kama da karkatacciyar sanda a ƙarshen layin farko, ita ke nuna cewa da sauran magana. Na sa, na sake tayar da saba. Sai ta ƙi tashi sam, shafin ya ɓace gaba ɗaya. Shugaba na tsaye a kaina, ni kuwa zufa har cikin kallabina. Na fi rabin awa ina duban layi biyun nan. Da na sake kiran malam, ya tambaya, "Bayan alamar akwai wani abu?" Na matsa can ƙarshe, sai ga ɗan fili guda da na bari, wanda ido ba ya gani. Na goge shi, shafin ya dawo da cikakken saƙo.

Muka wuni muna kiran wakilai, amma ba duka muka samu ba. Ran Laraba wani dattijo ya iso daga Gaffati da amalanke da buhunan da babu komai ciki, ya bar gonarsa da danshin ruwan da aka yi. Na fita na gaya masa laifina ne. Ya dube ni ya ce, "Ba komai, ɗiyata. Asabar ma rana ce." Ya juya shanunsa. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, duk abin da na rubuta wa na'ura sai na je na karanta shi a inda mutane za su karanta. Na gane cewa layin da na yi sakaci da shi a kan kujera, wani ne zai biya shi da tafiyar wuni guda.