Katin Hoto da Takardar Tuhumar Madam Rifkatu

Ban taɓa mantawa da ranar da na tarar da Madam Rifkatu zaune gaban kwamfutar ofishinmu, ta zuba hannuwa a cinya, ga takardar tuhuma ajiye a kan teburinta ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ma'aikacin kwamfuta mai mataki na shida a wani ofishin safiyo da ke Gumel. Shekarata ɗaya da kama aiki, bayan na yi kwas a Kano. Duk ofishin ni kaɗai na taɓa buɗe cikin kwamfuta, kuma ina ji da kaina saboda haka.

Kwamfutar guda ɗaya ce tal. Da safe ni nake zana taswira da ita, daga sha biyun rana Madam Rifkatu ta karɓa ta buga wasiƙu da rahotanni. Mutuniyar Filato ce. Ta zo Gumel da mijinta, malamin makaranta, tun garin yana cikin jihar Kano. Ya rasu aka binne shi a nan, ita kuma ta zauna da 'ya'yanta. Ta fi shekara ashirin tana buga tafireta, sai da furfura ta fito mata aka ce ta koyi kwamfuta. Ta koya, amma a tsorace take taɓa ta.

A bazarar shekarar aka ba mu aikin taswirar burtali, hanyar shanun da ta taso daga wajen Maigatari ta bi ta ƙasar Sule Tankarkar har Gagarawa. Gonaki sun cinye ta a wurare da yawa, kowace damina sai an yi rigima. An shirya arɗaɗɗa da masu unguwanni za su zauna kafin ruwan fari, a nuna musu inda za a kafa duwatsun iyaka. To, tsohon katin hoton kwamfutar ba ya fitar da launuka sosai, layin burtali da na gona sai su haɗe. Katin hoto, ga wanda bai sani ba, wani ɗan koren allo ne da ake cusawa a cikin akwatin kwamfuta, shi ke tura duk abin da kake gani zuwa fuskarta. Na roƙi daraktanmu, Alhaji Bala, ya sa aka sayo sabo daga Kano. Ni na saka shi da hannuna ranar wata Juma'a. Taswira ta fito tar, har mutanen wasu sassa suka riƙa leƙowa kallo.

Daga Litinin kwamfuta ta fara ƙamewa. Ana cikin aiki sai komai ya tsaya cak, ka danna duk abin da za ka danna ba ta motsi, sai dai a kashe ta a sake kunnawa, abin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Abin da ya rikita mutane shi ne a hannuna da safe ba ta taɓa yi ba, kullum sai a hannun Madam. Da darakta ya tambaye ni ko sabon katin ne, na ce ba shi ba ne, watakila akwai abin da take dannawa. Ban duba ba na faɗa. Wannan maganar har yau tana damuna.

Mako na zagayowa ta ƙame daidai lokacin da Madam ke adana rahoton da zai bi taswirar, shafi talatin, duk ya lalace. Darakta ya ba ta takardar tuhuma. A aikin gwamnati, in aka ba ka ita, kwana biyu gare ka ka kare kanka a rubuce, kuma tana zama a fayil ɗinka har ka bar aiki. An ma fara zancen a mayar da ita ƙaramin ofishinmu na Sule Tankarkar, inda akwai tafireta. Saura shekara biyu ta yi ritaya, yaranta biyu suna makaranta a Gumel.

Ba ta roƙe ni komai ba. Cewa ta yi, "Malam Sani, ka zauna nan yau ka gani da idonka. In ni ce, zan rubuta in amsa laifina."

Sai ta miƙo mini ɗan littafin da take ɗaukar wasiƙa a ciki. Ashe tun ranar farko tana rubuta lokacin da na'urar ta ƙame, da abin da take yi, da ko wutar gari ce ko janareta. Duk tsakanin ƙarfe ɗaya ne da uku na rana. Akwai ranar ma da ba ta kan kujerar, ta je ɗauko fayil ta dawo ta tarar kwamfutar ta tsaya. Na karɓi kujerar na ci gaba da bugawa da kaina. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci ta ƙame a hannuna. Na kasa kallon Madam.

Washegari na bi abin daki-daki, yadda ya kamata in yi tun farko. Na cire manhajar katin na sake sakawa daga faifan da ya zo da shi. Na duba na'urar daidaita wuta, lafiyarta ƙalau. Na gwada da janareta, na gwada da wutar gari. Bayan azahar ta sake ƙamewa. Ina zaune na dafe kai, ina tunanin yadda zan gaya wa darakta cewa katin da na matsa aka sayo ba shi da kyau, sai Madam ta ce akwai abin da take so ta tambaya, ko da shirme ne. Ta ce da can akwatin yana wani ɗan gurnani a gefen ƙafarta, amma tun ranar da aka sa katin ya yi shiru. Ta ɗauka haka sabbin kaya suke.

Na ɗauko sukundireba na buɗe akwatin. Da na taɓa katin sai da na janye yatsa don zafi. 'Yar fankar da ke shigo da iska ta gaba tana tsaye, wayarta a zare. Hannuna ne ya fizge ta ranar da nake cusa katin, kuma na danne shi da faffaɗan wayoyin ciki na rufe. Da safe gari na da sanyi, yana jurewa. In rana ta take, zafin Gumel ya sauko ta kwanon rufi, sai ya gaza. Na mayar da wayar, na ɗaure wayoyin gefe guda, na sauko da katin ramin da ke ƙasa a cikin akwatin, inda zai sha iska. Muka bar ta tana aiki har bayan la'asar, washegari ma haka. Ba ta sake ƙamewa ba.

Tafiya daga ɗakinmu zuwa ofishin darakta ba ta wuce taku ashirin ba, amma ta yi mini nisa. Na gaya masa komai. Ya kalle ni ya ce, "Wato kai ka zare wayar, kuma kai ka ce mini ita ce?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya sa aka kawo fayil ɗin Madam, ya zare takardar ya yaga a gabana. Sannan ya rubuta tawa da biro, ya ce a kai a buga. Mai buga takardun ofis kuwa ita ce. Ta buga ta tsaf, ta kawo mini, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce ta buga amsoshin tuhuma sun fi a ƙirga, ta san irin wadda ke sa babba ya huce: in faɗi abin da na yi, in faɗi yadda na gyara, kada in ƙara komai. Haka muka rubuta tare. Gargaɗin baki aka yi mini, magana ta mutu.

Rahoton kuwa, kwana biyu ta yi ta sake buga shi daga rubutun hannu. Taswira ta isa taron kafin ruwan fari. An ce wani dattijon arɗo ya bi layin da yatsa har ya gano rijiyar da mahaifinsa ke shayar da shanu.

Na yi shekaru ina gyaran kwamfuta bayan wannan, na koyar da da yawa daga cikinku, ku matasan da ke wannan sana'a yanzu. Kun san abu biyu nake fara tambaya in an kawo ƙara: me aka canza a ciki kwanan nan, kuma wa ke zama a gabanta. Na farkon don galibi a nan matsalar take, ko da kai ka canza. Na biyun don wanda ke wuni da na'ura ya san sautinta da lokutanta fiye da mai satifiket, amma shi ake fara zargi, musamman in ba shi da bakin kare kansa. Ku ja kujera ku zauna kusa da shi, ku saurare shi har ya gama, kafin ku ɗauki sukundireba.