Ƙafar Kazar Kawu Zare

Shekara talatin Kawu Zare ya yi yana haɗa ƙafafun koyarwa a wani ɗan ɗaki a bayan makarantar likitocin dabbobi. Katako ne ƙashi, robar taya ce tsoka, zare kuma jijiya. Matarsa ta gaji da ɓoye gwangwanin ɗinkinta, don duk inda ta kai shi, washegari sai ta ji zaren ya zama ƙafar akuya. Ko nama aka sa masa a gaba, sai ya bi jijiyar da cokali ya ga inda ta rabu, abinci na hucewa.

Ana nan aka kawo sabuwar Dakta, sa'ar 'yarsa ta fari, da kwamfutarta mai nuna ƙafa tana juyawa. Cikin ladabi ta ce ranar Alhamis za a kwashe tarkacen katakon a zubar. Kawu ya ce to. Amma kalmar tarkacen nan ta yi masa ciwo ƙwarai.

Ranar Alhamis ɗin, da kanta ta zo taya shi kwashewa. Ta ɗauki wata ƙatuwar ƙafar kaza, ta lanƙwasa ta don ta shiga kwali. Caraf yatsun suka damƙe mata hannu. Ta ƙara dannawa, suka ƙara matsewa.

"Kawu, ka ce wa kazarka ta sake ni."

Bai yi gaggawa ba, sai da ya gyara zaman tabarau.

"Miƙe mata ƙafar, 'yata."

Tana miƙewa yatsun suka buɗe. Ya nuna mata zare guda da ya bi ta bayan gaɓa, ya sauko, sannan ya rabu uku. Ƙafa na lanƙwashewa, in ji shi, zaren zai ja yatsun gaba ɗaya.

Dakta ta ƙura wa zaren ido. Ashe wata uku ke nan ƙafar kazar da take haɗawa a kwamfutarta na ba ta wahala. Ta ba kowane yatsa jijiyarsa daban, kowanne kuwa yana yin gaban kansa. Ta sake lanƙwasa ƙafar da gangan, ta bar ta ta kama ta.

"A ina daidai take rabuwa, Kawu?"

Daɗi ya kama shi. Ya ture kwalin gefe, ya jawo mata kujera.

Da yamma matarsa ta nemi jan zarenta sama da ƙasa, ba ta gani ba.