Ɗan Aiken Kurame Biyu

Kawunku na biyu, wanda ake ce wa Tafinta, ba mutane yake wa tafinta ba, kwamfuta yake wa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfanin raba magani, a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ko taga babu, sai sanyin inji da ya bar masa tari har yau.

Ga yadda ya yi wa uwarsa bayani. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a sito, ita ta san kwali nawa ya rage. Akwai kuma manhajar waya da masu kemis ke yin oda da ita. To ba da yare ɗaya aka rubuta su ba, wannan ta yi magana, waccan ko gezau. Shi ya rubuta abin da ke zaune tsakani, yana karɓar maganar wannan yana juya wa waccan.

Uwar ta ce, "Ashe duk karatun nan ɗan aike ka zama."

Ya ce, "Ɗan aiken kurame biyu ma, Inna."

Su masu kemis suna da wani hali. In sabis ya yi nauyi, mutum ya danna oda bai ga amsa ba, sai ya sake dannawa, sau uku, sau huɗu, kamar mai buga ƙofar banɗaki. Ita kuwa tsohuwar kwamfutar ba wayo gare ta ba, ko sau nawa aka faɗa mata sai ta aikata. Kawunku ne ya koya wa abin nasa ya gane oda ɗaya ce, ya miƙa ta farko ya haɗiye sauran. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambaya.

Ana nan aka kawo sabon manaja, mai turare kamar an yi ɓarinsa. Ya leƙo ɗakin ya ce, "Baba, wai me kake yi a nan ne? Shekara goma ba a taɓa jin matsala daga ɓangarenka ba."

"Yallaɓai, ai aikin ke nan."

"Aikin zama?" 'Yan rakiya suka kwashe da dariya.

Wata bai cika ba suka sayo wata haɗaɗɗiyar manhajar tafinta daga waje, suka sallame shi. Ya rubuta musu bayani shafi shida, har da zancen dannawar nan, ya miƙa hannu da hannu.

Ran wata Litinin sabis ya yi nauyi. Mai kemis ya nemi kwali goma, aka jibge masa arba'in. Kafin azahar allurar masu ciwon suga ta ƙare a sito, asibitoci na ta bugo waya. Sai ga kiran manaja, yau har da "ranka ya daɗe".

Matarsa ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baban yara, wanda ya tofa maka yawu shi za ka je ka goge wa baki?"

Ya ce, "Ba manaja ne ke jiran allurar ba."

Kwana uku ya yi ya gyara. A na ukun suka turo masa takarda wai ya sa hannu: tsohon ma'aikaci ya ɓoye wani abu a cikin inji bai faɗa wa kowa ba, shi ya jawo ɓarnar. Kawunku ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Na faɗa. Yana shafi na huɗu."

Manaja ya ce, "Wane shafi?"

Ya ajiye biron ya fito. Ashe ba sa ma buƙatar hannun nasa, haka suka aika da takardar sama. Masu wannan sana'a kuwa 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Duk inda ya kai takardunsa sai a dube shi a ce, "Au, kai ne mai ɓoye abu a inji?" Wuri bakwai ya je, daga nan ya daina goge rigar fita.

Yanzu yana bakin titi da ɗan teburi, yana canja wa mutane gilashin waya. Manajan kuwa an ƙara masa girma, wai shi ya gano matsalar cikin kwana uku.